Yadda Ake Ƙaura Zuwa Wata Ƙasa Da Zama: Daga Haɗa Takardu Zuwa Shekarar Farko

Mai zuwa wata ƙasa ziyara, fasfo da tikiti da jaka sun ishe shi. Mai komawa can da zama kuwa aikinsa daban ne. Duk abin da yake da shi a gida ba tare da ya taɓa tunaninsa ba, wato adireshi, asusun banki, layin waya, asibitin da aka san shi, sai ya sake kafa shi daga tushe, a gaban jami'an da ba su san shi ba, ba su san iyayensa ba, takarda kawai suke dubawa. Na sha yin irin wannan ƙaura, na kuma sha raka waɗanda suka yi ta. Abin da ya fi wahalar da mutane shi ne rashin sanin abin da ke gaba da abin da ke baya, domin kowace takarda da wata ake samunta. In ka tsallake ɗaya, sai ka yi makonni kana zarya. Don haka zan jera maka su yadda suke zuwa.

Kayan da za ka tanada

Fasfo mai sauran rai. Ƙasashe da yawa suna so ya rage masa aƙalla wata 6. Ƙasashen Shengen na Turai, wato waɗanda ake shiga da biza ɗaya, suna neman wata 3 bayan ranar fita, kuma kada fasfon ya wuce shekara 10 da bayarwa. Kai da za ka zauna, in saura shekara ɗaya ko biyu ya mutu, sabunta shi tun kana gida, domin akwai ƙasashen da ba sa ba da izinin zama ya wuce ranar mutuwar fasfo.

Takardun asali: ta haihuwa, ta aure ko ta saki, shaidar karatu da sakamakon jarrabawa, wasiƙun wuraren da ka yi aiki, lasisin tuƙi, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi. In da yara, ƙara katin rigakafinsu da takardun makarantarsu.

Jakar takardu mai aljihunan roba. Asali a aljihu ɗaya, kwafi biyu a bayansa. Ka kuma ɗauki hoton kowace takarda, gaba da baya, ka tura wa kanka ta imel, ka bar kwafi ɗaya a hannun amintacce a gida.

Sai hotunan fasfo da dama, wayar da ke karɓar kowane layi, adaftar soket irin ta ƙasar, da ɗan littafin da za ka riƙa rubuta ranaku da lambobi.

Na ƙarshe, kuɗin da zai riƙe ka wata 3 zuwa 6 ko da sisi bai shigo ba. Wannan na kowa ne, har wanda aiki ke jiransa, domin albashin farko yakan yi jinkiri, kuɗin haya da na jingina, wato ajiyar da mai gida ke riƙewa har ka tashi, kuwa ba sa jira.

1. Tantance ƙofar da za ka shiga

Biza iri-iri ce, kowace da abin da ta halatta. Akwai ta aiki, ta karatu, ta bin iyali, ta masu zuba jari, da ta ziyara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya shiga da bizar ziyara da niyyar "in na je zan gyara". A mafi yawan ƙasashe ba a gyarawa daga ciki. Bizar ziyara ta Shengen kwana 90 ce a cikin kowane kwana 180, kuma ba ta ba da damar aiki. A Amurka, wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sannan ya fita, ana hana shi dawowa shekara 3. In zarcewar ta kai shekara guda, haramcin shekara 10 ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Karanta sharuɗɗan da kanka a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar ko na ofishin jakadancinta. Dokokin nan suna canzawa, abin da ya yi wa wani aiki shekara biyu da suka wuce ba lalle ya yi maka yau ba. Tambayoyi huɗu nake so ka samu amsarsu kafin ka biya komai: wane aiki bizar ta yarda ka yi, shin ta ɗaure ka ga mai aiki ɗaya, za ka iya kawo iyalinka, kuma tana kaiwa ga izinin zama na dindindin ko a'a.

Game da dillalai, ka yi hattara ƙwarai. Duk wanda ya ce ya tabbatar maka da biza ƙarya yake yi, domin jami'in ƙasar ne kaɗai ke yanke hukunci. Wanda ya nemi ka biya kuɗi don ya ba ka aiki ma abin zargi ne. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181, ta shekarar 1997, ta ce kamfanonin samar da ma'aikata kada su karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci. Nemi kwantiraginka a rubuce, cikin harshen da kake ji, mai ɗauke da albashi, awannin aiki, hutu, da wanda zai biya tikitin dawowa. In dole sai ka yi amfani da dillali, cika fom ɗin a gabanka, ka karanta kowane layi. Ƙaryar da ya rubuta da sunanka kai za ta bi, ba shi ba.

2. Gyara takardu tun kana gida

Nan ne zan daɗe, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma takardar da za ka karɓa cikin kwana biyu kana gida tana iya cin wata uku in kana nesa kana aike.

Fara da sunanka. Shimfiɗa fasfo da takardar haihuwa da shaidar karatu da takardar aure a kan tebur, ka bi su harafi da harafi. In an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, ko an sauya jerin sunaye, ko ranar haihuwa ta bambanta da kwana ɗaya, a wurin jami'in waje mutum biyu ne. Gyara a hukumar da ta ba da takardar. In gyara ba zai yiwu ba, yi takardar rantsuwa a kotu mai bayyana cewa duk sunayen naka ne. Daga nan, yadda fasfo ya rubuta sunanka haka za ka riƙa rubutawa ko'ina. Ka kuma lura da rubutun kwanan wata: a Amurka wata ke fara zuwa, don haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a Turai kuwa 3 ga Afrilu.

Sai tabbatar da takardu. Ƙasar da za ka je ba ta san tambarin makarantarku ko na kotunku ba, sai an gaskata mata. Hanya biyu ce. In ƙasarka da wadda za ka je duk suna cikin yarjejeniyar Heg ta shekarar 1961, tambari ɗaya da ake kira afostil ya wadatar. In ɗayansu ba ta ciki, sai ka bi doguwar hanya: hukumar da ta ba da takardar, sannan ma'aikatar harkokin wajen ƙasarka, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je. Kada ka sauya wannan jeri, kowanne sa hannun wanda ya gabace shi yake gaskatawa. In ana buƙatar fassara, tambayi irin mai fassarar da suke karɓa. Jamus, alal misali, mai fassarar da ya yi rantsuwa a kotu take so. Kuma a fara buga tambari kafin a fassara, don fassarar ta haɗa da shi.

Kada ka sa a manne takardun asali da roba mai zafi don kare su. Ofisoshi da yawa ba sa karɓar takardar da aka yi wa haka, tun da ba a iya buga mata tambari ko a taɓa ainihin takardar.

Shaidar karatu tana da nata aikin. Kanada tana neman a auna digirinka ta hannun cibiyoyin da ta amince da su, irin su WES. Birtaniya tana da UK ENIC. Sau da yawa makarantarka ce za ta tura sakamakon kai tsaye, ba kai ba, kuma wannan shi ke cin lokaci, don haka fara da wuri. Likita, ma'aikacin jinya, malamin makaranta, lauya, mai haɗa magani, duk sai sun samu lasisin ƙasar kafin su yi aikinsu. Ka shirya zuciyarka cewa mai yiwuwa ka yi wani aikin ƙasa da matsayinka kafin lasisin ya fito.

Wasu takardun suna mutuwa. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara 2 yake yi. Takardar 'yan sanda da ta gwajin lafiya galibi 'yan watanni ne, don haka su za ka karɓa a ƙarshe. In ka taɓa zama a wata ƙasar, ka sani Kanada tana neman takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ka yi wata 6 a jere tun daga shekara 18.

In ba ka da takardar haihuwa, je hukumar rajistar haihuwa ta ƙasarka ka nemi takardar da take bayarwa a madadinta, ka haɗa da rantsuwar kotu. In za ka tafi da yaro ba tare da ɗaya iyayen ba, karɓi yardarsa a rubuce, da tambarin hukuma.

3. Lafiya

Duba rigakafin da ake buƙata. Katin rigakafin cutar shawara mai launin ɗorawa yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har abada. Birtaniya tana neman gwajin tarin fuka daga mutanen wasu ƙasashe in za su wuce wata 6, kuma a asibitin da ta amince da shi kawai.

Mai ciwon suga ko hawan jini ko asma ya karɓi bayanin ciwonsa a rubuce daga likita, da ainihin sunan sinadarin maganin, domin sunan kamfani yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Riƙe maganin da zai kai ka wata biyu ko uku in dokar ƙasar ta yarda, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Bincika kafin ka zuba a jaka. Hadaddiyar Daular Larabawa tana tsananta doka a kan tiramadol da kodin, Japan kuma ta hana shigo da wasu magungunan mura da ake saya haka kawai a wasu wurare. Ga likitan haƙori da na ido kafin ka tashi, tun da inshora a ƙasashe da yawa ba ta ɗaukar su sosai.

4. Rufe al'amuran gida

Biya bashi, ko ka rubuta yadda za ka biya. Naɗa wakili amintacce a rubuce, ka iyakance abin da zai iya yi da sunanka. Kada ka rufe asusun bankinka, kuma kada ka bar layin wayarka ya mutu, domin ta nan banki ke turo lambar sirri. Mutane da yawa sun wayi gari a waje kuɗinsu na asusu ba halin taɓawa, saboda layin ya mutu. Buɗe masa damar karɓar saƙo a ƙasar waje, ka riƙa sa masa kati lokaci-lokaci.

Shawarata, kada ka sayar da duk abin da ka mallaka a shekarar farko. Ba kowace ƙaura ke ɗorewa ba, kuma wanda ya san yana da wurin komawa ya fi iya ƙin aikin wulaƙanci.

5. Kaya da kuɗin hannu

Ɗauki kaɗan. Yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, ƙari kuma da tsada. Takardu, magani, kuɗi, kwamfuta, batirin caji, da kayan sawa na kwana biyu, duk a jakar hannu. Jakar ƙasa tana iya makara ko ta ɓata.

Kayan lantarki sai da lura. Amurka da Kanada wutarsu bolt 120 ce, Japan 100, Turai 230. Duba jikin caja: in an rubuta 100–240V, adafta kawai kake buƙata. In ba haka ba, bar shi a gida, musamman dutsen guga da tukunyar lantarki. Kayan sanyi masu nauyi ma a can za ka saya, waɗanda aka ɗinka don sanyin wurin. Rigar sanyi ɗaya ta sauka daga jirgi ta isa.

Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi daga waje ya shigo da nama ko kayan madara ba. Ostireliya da New Zealand suna tsananta bincike a kan abinci, iri, itace da ƙasar da ta manne a takalmi. In kana shakka, bayyana a fom, mafi muni su karɓe. Haka kuɗi: wanda ya shiga Tarayyar Turai da Yuro 10,000 ko fiye, ko Amurka da fiye da Dala 10,000, dole ya faɗa. Riƙe kuɗin ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a rufe, ko na wane ne. In ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ya shiga jakarka.

In jirginka zai yada zango a wata ƙasa, tambaya ko ana buƙatar bizar wucewa.

6. Ranar sauka

Biza tana kai ka bakin ƙofa ne, jami'in filin jirgi ke da ikon buɗewa. Riƙe a hannu, a buge a takarda, adireshin inda za ka sauka, wasiƙar aiki ko ta makaranta, shaidar kuɗi, da lambar mai tarbarka. Waya tana iya mutuwa ko ta rasa intanet. Amsa abin da aka tambaye ka, gajere, gaskiya. In ba ka gane ba, ka ce a maimaita ko a kira tafinta. Kafin ka bar wurin, duba tambarin da aka buga maka da ranar da aka rubuta.

Kama masauki na wucin gadi na mako biyu zuwa huɗu tun kafin ka taso. Haddace lambar gaggawa: 112 a Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya.

Fasfonka naka ne. Kada ka miƙa shi ga mai aiki ya ajiye. Saudiyya da Katar da Hadaddiyar Daular Larabawa duk dokokinsu sun hana haka. In an karɓa don yin iƙama, wato katin zama, riƙe kwafi, ka nemi a dawo maka da shi da zarar an gama.

7. Makonnin farko

Ga jerin da nake bi: layin waya, adireshi, rajista, lambar haraji, asusun banki, inshorar lafiya. Layi na farko, domin duk ofishin da ka je sai an nemi lambar ƙasar.

Rajistar adireshi tana da wa'adi a ƙasashe da yawa. Jamus kwana 14 bayan ka tare, kuma sai da takardar mai gida mai tabbatar da ka tare ɗin. Japan ma kwana 14. Holan kwana 5. A Amurka, baƙon da ya sauya gida sai ya sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 10. Tun kafin ka biya masauki, tambayi mai shi ko zai ba ka takardar rajista, domin ba kowa ke bayarwa ba. Layin ganin jami'i yakan yi tsawo, nemi rana ta intanet tun kafin ka iso in ana iya yi.

Daga rajista ake samun lambar da komai ke rataye a kanta: ta haraji ko ta inshorar ƙasa, kowace ƙasa da sunan da take kiranta. In babu ita, albashi yakan tsaya ko a cire maka haraji mafi yawa. Sau da yawa ta gidan waya take zuwa. Don haka ranar da ka tare, rubuta sunanka a 'yar takarda, yadda yake a fasfo, ka manna a akwatin wasiƙu da jikin ƙararrawar ƙofa. A Jamus in mai raba wasiƙa bai ga sunan ba, mayar da ita yake yi, kai kuma kana zaune kana jira. Duk wasiƙar hukuma ka buɗe ta ranar da ta zo, ka nemo kwanan watan da ke ciki. In ba ka jin harshen, ɗauki hotonta ka fassara da waya, sannan ka nuna wa wanda ya iya.

A banki za ka iya tarar da matsalar da kowa ke tararwa: banki na neman adireshi, mai gida na neman asusun banki. Mafita ita ce wasiƙa daga wurin aikinka ko makarantarka mai ɗauke da adireshin da kake, ko ka fara da bankin da ake buɗewa ta waya, mai rajista da hukumar ƙasar, daga baya ka koma babba.

Inshorar lafiya kada ka yi wasa da ita ko kwana ɗaya. A Jamus tilas ce. A Amurka kwana ɗaya a asibiti ba inshora yana iya cinye tanadin shekaru. A Ingila yi rajista da likitan unguwa tun kana lafiya, domin ta hannunsa ake ganin ƙwararru. In akwai tazara tsakanin saukarka da fara aikin inshorar ƙasar, sayi ta matafiya ta cike.

Ka kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarka cewa kana nan. Yarjejeniyar Biyana ta shekarar 1963 ta ba ka haƙƙin a sanar da su in an kama ka, amma sai ka nema.

8. Gidan haya

Kada ka tura kuɗin gidan da ba ka shiga ka gani ba. Hotuna masu kyau, haya mai arha, mai gida "ya yi tafiya" zai aiko da makulli bayan ka biya: wannan damfara ce da ake yi wa sababbin zuwa a ko'ina.

Masu gidaje suna neman tarihin biyan bashi, kai kuwa ba ka da shi a ƙasar. Cike gurbin da kwantiragin aiki, takardar banki, ko wanda zai tsaya maka. In hakan ya gagara, kama ɗaki a gidan haɗaka na wata shida, ka tara rasiɗai. Kuɗin jingina yana da iyaka a wasu wurare: hayar wata 3 a Jamus, ta mako 5 a yawancin gidajen Ingila. Tambaya ko hayar ta haɗa da wuta, ruwa da ɗumama ɗaki, da kuma wa'adin sanarwa in za ka tashi.

Ranar karɓar makulli, kafin ka shigo da jaka, zagaya da waya. Ɗauki hoton tsagewar da ke jikin bahon wanka, tabon da ke kan kafet, baƙin danshi a kusurwar taga, da lambar mitar wuta da ta ruwa. Tura wa mai gida a rubuce a ranar. Wannan aikin na minti ashirin shi zai dawo maka da jinginarka ranar tashi.

9. Aiki, haraji da tuƙi

Tsaya kan iyakar bizarka. Ɗalibin digiri a Birtaniya awa 20 a mako aka yarda masa lokacin karatu, a Amurka ma awa 20 ne kuma a cikin makaranta. Aikin ɓoye na kuɗin hannu ba shi da kariya: in an hana ka haƙƙinka ba inda za ka kai ƙara ba tare da ka tona kanka ba.

Albashin da ke kwantiragi kafin cire haraji ne. Lissafa rayuwarka da abin da zai shigo hannu. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya yi kwana 183 a shekara a matsayin mai biyan harajinsu, wani lokaci har kan abin da yake samu a waje. In kana da kuɗin shiga a gida, bincika ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasashen. Ajiye kowace takardar albashi.

'Yan'uwa za su fara kira tun makon farko. Faɗa musu gaskiyar halin da kake ciki, ka tsayar da abin da za ka iya turawa bayan ka zauna da gindinka, ta hanyar da hukuma ta sani.

Lasisin tuƙinka na ɗan lokaci ne: wata 12 a Birtaniya, wata 6 a Jamus ga wanda ya zo daga wajen Tarayyar Turai. Lasisin ƙasa da ƙasa a ƙasar da ta ba ka na asali ake karɓarsa, kuma ba ya aiki shi kaɗai. Birtaniya, Japan, Indiya da Ostireliya ta hagu suke tuƙi, don haka ko a ƙafa kake, duba ɓangare biyu kafin ka tsallaka.

10. Zama da mutane

Watannin farko na kallo ne da tambaya. Lura da yadda suke riƙe lokaci, yadda ake bin layi, ranakun fitar da shara da yadda ake rarraba ta, lokacin da ake daina hayaniya da dare. Tarar tikitin jirgin ƙasa ko rigima da maƙwabci ƙananan abubuwa ne, amma suna iya shiga fayil ɗinka.

Masu yara su karanta dokar ƙasar da kyau. Suwidin ta haramta dukan yaro tun 1979, Jamus a 2000, ƙasashe da yawa sun bi. Sa yaro makaranta tilas ne a yawancin wurare, barinsa shi kaɗai a gida kuma yana iya jawo hukuma. Mata da miji su sani cewa wanda ya zo a kan bizar ɗayan, izininsa na rataye da zaman auren, don haka kowa ya riƙe takardunsa a hannunsa, ya san matsayinsa.

Harshe kuwa fara shi tun kana gida, ko da gaisuwa da ƙirga ne. Da ka isa, tambayi ƙaramar hukuma ko ɗakin karatu game da azuzuwan baƙi. Nemi mutanen ƙasarku, za su rage maka hanya, amma kada ka tsaya a kansu kaɗai, kuma maganar doka ka tabbatar da ita a ofis.

11. Abin da zuciya za ta gani

Masanin al'adun al'umma Kalervo Oberg ya bayyana matakan da baƙo ke bi a shekarar 1960: da farko komai burgewa, sai lokacin ƙunci da ganin laifin kowa, sai a fara sabawa, sannan a zauna. Ƙuncin yakan zo ne bayan ka gama zaryar takardu, lokacin da gida ya yi shiru. Barci ya rikice, abinci ya fita ranka, ƙaramin abu ya sa ka fushi ko hawaye. Ba gazawa ba ce, kuma kada ka yanke shawarar tattara kaya a cikin wannan hali.

Yanayi yana ƙara nauyin. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, a Stockholm kafin ƙarfe 3. Fita waje da rana ko na rabin awa ne. Hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawarar shan bitamin D a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma duk shekara. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf zafi ne ke tsare mutum a ɗaki, yakan haura digiri 45.

Tsayar da lokacin barci da na ci, ka riƙe ibadarka, ka samu wuri ɗaya da kake zuwa kowane mako inda za a lura in ba ka zo ba. Sa ranar kiran gida, maimakon kwana a waya. In ƙuncin ya wuce makonni, ya hana ka aiki, ko ka fara tunanin cutar da kanka, ga likita ba tare da jinkiri ba, kuma ka nemi tafinta in kana buƙata.

12. Sabunta izini

Ranar da katin zamanka ya fito, rubuta ranar mutuwarsa a littafinka, ka sa wa waya tunatarwa wata 4 kafin nan. Shigar da takardun sabuntawa kafin ya mutu, ka riƙe shaidar shigarwa, kuma kada ka fita ƙasar kana jiran amsa sai ka tabbatar doka ta yarda. In aikin da bizarka ke rataye da shi ya ƙare, tambayi hukuma a makon kwana nawa kake da su don samun wani.

Mai burin izinin dindindin ya riƙa rubuta duk ranar fita da ta dawowa. A hanyoyi da yawa na Birtaniya ba a so ka wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12. Mai izinin dindindin na Kanada sai ya yi kwana 730 a ƙasar cikin kowace shekara 5. Mai katin zama na Amurka da ya yi fiye da shekara a waje ba tare da izinin dawowa ba yana iya rasa shi. Tsofaffin fasfo, kwantiragin haya, takardun haraji da na albashi, duk ka tara su a jakar nan bisa shekara, domin su za a nema ranar da za ka cika fom ɗin.